Agogon da Na Ce na Illiya Ne

Makon jiya wani saurayi ya zo rumfata a bakin tashar Magama, ya ajiye mini agogon ƙarfe a kan tebur, sarƙarsa a rabe biyu, ya ce wai haka ya saye shi. Na juya cikin sarƙar, sai ga tabon guduma har wuri huɗu, ƙusa ɗaya kuma ta lanƙwashe a cikin rami. Na ce, "Samari, wa ya buge ta ta baya?" Ya sosa ƙeya. Can dai ya zaro wata 'yar jaka daga aljihu, irin kayan aikin nan da kuke saye ta waya: guduma mai kan roba, tsinken ƙarfe uku, da ɗan mazaunin roba mai tsaga. Ya kalli bidiyo sau biyu, ya ga ai aikin minti biyar ne. Ban yi masa faɗa ba. Amma maganarsa ta farko ban yarda da ita ba, kuma ni dama ba na yarda da maganar farko ta kowa. Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran agogo a bakin boda, halin da wurin ya koya mini ke nan.

Kayan da kuke saye ba su da laifi, har sun fi nawa kyan gani. Nawa tsofaffi ne: guduma wadda kanta bai kai babban yatsa ba, tsinke, filaya mai siririn baki, hantsaki, sukudireba uku, gilashin da nake maƙalawa a ido, da guntun katakon maɗaci da na tsattsaga da zarto don sarƙa ta zauna a ciki. Abin da bidiyo bai dame ku da shi ba shi ne kallo kafin bugu. A cikin sarƙa akwai 'yar kibiya, inda ta nuna nan ƙusa za ta fita, in kuma za ka mayar sai ka bi ta inda ta fito. Ka buga ta baya, ka buɗe ramin, bayan sati agogo ya faɗi cikin kwata, a zo a ce ni ne. Wata sarƙar kuma tana da ɗan zobe a tsakiyar gaɓa, bai kai ƙwayar gero ba, shi yake riƙe ƙusar. Ka zauna a kan tabarma a gida kana aiki, ya faɗa tsakanin saƙa, ba za ka ma san akwai shi ba balle ka neme shi. Shi ya sa nake aiki a cikin faranti da farin ƙyalle shimfiɗe.

Ba a kuma cire gaɓoɓi duka daga gefe ɗaya. Ɓangaren ƙarfe shida na fuskar agogo ake ragewa fiye da na sha biyu, don maƙulli ya zauna a tsakiyar hannu. Kuma ba na gwada hannun mutum da sanyin safiya in ce na gama, domin da rana ta take hannu yakan ɗan kumbura. Ƙaramin yatsa ya shiga tsakanin sarƙa da fata da ƙyar, shi ne daidai.

A cikin kasuwar Jibiya na koyi aikin, wurin Malam Barmo, Allah ya ji ƙansa. Mu biyu ne a hannunsa, ni da Hassan Dogo, wanda daga baya ya ƙetare ya kafa teburinsa a Maraɗi. Sai da na yi wata shida ina cire ƙusa ina mayarwa a jikin matacciyar sarƙa kafin ya bar ni in taɓa ta mai kai. Malam Barmo ba ya yarda da mai agogo, ya kuma san mai agogo bai yarda da shi ba, don haka ya kafa mana doka uku. Ka ƙirga gaɓoɓin sarƙa da ƙarfi a gaban mai ita kafin ka sa tsinke. Abin da ka cire ka naɗe a takarda ka damƙa masa a hannu. Kada kuma agogo ya bar idon mai shi, ko da fitsari ne ya matse ka. Na taɓa juya baya da agogon wani Alhaji don in sami haske, Malam ya ƙwale ni da ƙotar sukudireba a kai.

"Kai Lawal, in ya ce ka musanya mishi, da wane baki za ka kare kanka?"

"Maigida, haske nike nema."

"Ka nemi hasken a gabanshi."

Shi ne kuma ya koya mana dabarar allura. In ƙusa ta ɓata ko ta karye babu irinta, sai ya ɗauki allurar keken ɗinki, ya datse da filaya daidai faɗin gaɓa, ya goge bakin, ya ɗan daddaƙe kai ɗaya don ta kama. Allurar keke tana da tsagi a jikinta inda zare yake kwanciya, don haka in ka sa gilashi a ido ka dubi gefen sarƙa za ka ga kan ƙusar da ɗan gibi. Ban taɓa ganin wani mai gyara a Katsina ko Kano yana yin haka ba. Da Malam ya rasu, sai na ɗauka a raina cewa duk ƙusa mai gibi aikina ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya naɗe hannun riga a gabana, sai ga agogo biyar jere har gwiwar hannu. Ya ce in rage masa na ƙasan ya zauna daidai, don in 'yan duwan, wato kwastan, sun duba su ga nasa ne na ɗaurawa. Irin wannan ba ya ƙirguwa a nan. Ga mai kawo agogon da ya tsinta a mota, ga wanda ya zare na wansa, ga matar da za ta ce na mijinta ne alhali faɗinsa ya isa hannun ƙato biyu. Da haka na koyi duban hannu kafin in dubi agogo. Wanda ya daɗe yana ɗaura agogo, akwai zagayen da fatarsa ta ɗan yi haske a wurin. In mutum ya miƙo mini tsohon agogo, hannunsa baƙi wuluk babu wannan zagaye, na san ba shi ne ya tsofar da shi ba. Ina alfahari da wannan ido nawa ƙwarai, har a tasha ana cewa Malam Lawal ya fi jandarma, ɗan sandan ƙetaren boda, gane ɓarawo, ni kuwa ina jin daɗi.

Illiya direba ne mutumin Maraɗi, yana jigila tsakanin can da Jibiya, kuma a bencina yake jiran mota ta cika. Mutum ne mai barkwanci, kullum sai ya ce tsinkena ya fi ni ƙiba. Ya sayi agogon ƙarfe fari mai shuɗiyar fuska, irin wanda ya cika kasuwa a lokacin, ya kawo na cire masa gaɓa uku. Ƙusa ɗaya ta karye a hannuna, na sa masa allura a ɓangaren ƙarfe shida, na kuma gaya masa. Da na naɗe gaɓoɓin na miƙa, sai ya ture hannuna.

"Aje mini nan, Malam Lawal. In na kai su gida yara za su yi wasa da su. Ran da na yi arziki na yi ƙiba, ka maida mini."

Na rubuta sunansa a takardar, na jefa cikin gwangwanin madara inda nake irin wannan ajiya.

Sai aka rufe boda. Ku da kuke yara lokacin, abin da kuka sani shi ne shinkafa ta yi tsada. Mu abin da muka gani, tashar nan ta koma fili, awaki na kwana inda motoci ke lodi. Sai in wuni ban taɓa guduma ba. Masu zuwa wurina ba gyara suke so ba, sayarwa suke so, kowa ya ciro na hannunsa don a sami na awo. Direbobi suka koma bin hanyoyin daji, daji kuwa ga 'yan bindiga. Gari ya cika da zancen masu kai musu rahoto, har ta kai maƙwabci ba ya gaya wa maƙwabci ranar da zai yi tafiya. A cikin haka aka zo da labari an tare motar Illiya an ƙone ta. Waɗanda suka je sun ga ƙarfen motar, ba su ga Illiya ba. Wayarsa a kashe. Bayan wata biyu muka yi masa addu'a a masallacin tasha, muka haƙura.

Ranar wata kasuwa, farkon damina, wani siririn mutum ya tsaya a gaban teburina da hantsi. Rigarsa ta manoma ce, ƙafarsa duk laka. Ya yi sallama, ya zaro agogo daga hannun hagu ba tare da ya ɓalle maƙulli ba, don tsabar ya yi masa yawa. Farin ƙarfe, shuɗiyar fuska.

"Malam, a rage mini wanga, hwaɗuwa yake in ina noma."

Na dubi hannunsa, babu zagayen haske. Na sa gilashi na bi gefen sarƙar, a ɓangaren ƙarfe shida sai ga ƙusa mai gibi. Na tambaye shi sunansa, ya ce Sa'idu, daga wani ƙauye bayan Gangara.

"Ina ka samo shi?"

"Wana ya sawo mini a Maraɗi, na hannu ne. Da wata magana ne, Malam?"

"Babu. Tsinken da zai yi mishi ba ya nan. Bar shi, ka dawo bayan Azahar."

Ya dube ni, ya dubi agogon, sannan ya tafi. Kun ga na karya doka ta uku. Yana juya baya na buɗe gwangwani, na kwance takardar Illiya, na kara gaɓa ɗaya a jikin sarƙar, ta yi daidai kamar a nan aka cire ta. Doka ta farko kuwa ko tuna ta ban yi ba. Ban ƙirga ba. Na ga allura, na ga gaɓa ta dace, na ga hannun da ba na mai agogo ba, sai zuciyata ta gama shari'a.

Na tashi na sami Mati, ɗan kamasho, abokin Illiya. Niyyata in ce masa mu zaunar da mutumin mu tambaye shi a hankali. Amma Mati ba a gaya masa magana a hankali, kuma na san halinsa tun kafin in je. Kafin a idar da Azahar maganar ta zagaye tasha. Da Sa'idu ya dawo, akwai mutum kusan ashirin zazzaune a gefen rumfata, wasu da sanduna a ƙarƙashin benci. Yana sallama suka miƙe.

Mati ya ɗauki agogon daga teburina ya ɗaga shi sama. "Malam Lawal, hwaɗi gaban kowa. Wanga agogo na Illiya ne ko ba nashi ba ne?"

Na san abin da zai biyo bayan amsata, kowa ma ya sani, don a shekarar an kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Sa'idu yana kallona, bai ma gane wane ne Illiya ba. Da na ce, "Ya yi kama, amma a bincika," da ƙila an tsaya. Sai dai idon mutum ashirin yana kaina, ni da ake cewa ba na kuskure.

Na ce, "Aikina ne a jiki. Na Illiya ne."

"Wallahi wana ya sawo mini! Ku kira shi, ku aika ƙauyenmu a tambaya!"

Ba wanda ya saurare shi. Ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, sanda ta farko ta sauka a wuyan hannun, na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Allah ya sa limamin tasha da wasu dattawa suna fitowa daga masallaci, suka faɗa kansa suka rufe shi da rigunansu har 'yan sanda suka iso. Ya yi kwanaki a tsare. Mai garinsu ya zo da kansa ya tsaya masa, aka duba babu wata shaida sai maganata, aka sake shi. Agogon kuwa aka ce ya zauna a wurina, ni amintacce, har a buɗe boda a kai wa iyalin Illiya. Na naɗe shi a ƙyalle na tura can ƙarshen aljihun tebur. Wata da watanni yana nan, kullum ina buɗe aljihun nan sau ashirin, ban taɓa kwance ƙyallen na ƙirga ba. Yau na san dalili: tsoro nake ji.

Bayan an buɗe boda da kamar sati uku, ina sunkuye ina sa wa wata mata batir, sai na ji an ce, "Tsinken nan har yau ya hi ka ƙiba." Na ɗago. Illiya ne, ya rame, ya yi furfura, amma shi ne. Mutanen tasha suka yanyame shi, masu salati na yi, masu kuka na yi. Ya ce ranar da aka tare su, ya bar mota da waya ya faɗa daji da gudu, ya kwana biyu yana tafiya har ya faɗa ƙasarsu, ya kuma rantse ba zai sake bin ɓarauniyar hanya ba. Ni duk ban ji rabin labarin ba. Hannunsa nake kallo. Agogo fari mai shuɗiyar fuska yana reto a wuyan hannunsa.

"Malam Lawal, arzikin bai zo ba, rama ta zo. Ƙara cire mini guda."

Na karɓa, na sa gilashi. Ga allurata nan a inda na sa ta. Na jawo aljihun tebur, na kwance ƙyallen, na shimfiɗa sarƙoƙin biyu gefe da gefe a cikin faranti, na ƙirga da ƙarfi yadda Malam Barmo ya koya mini. Ta Illiya uku ne babu. Ta Sa'idu ɗaya ce kawai aka taɓa cirewa. Da na yi wannan ƙirga a ranar, aikin da bai kai kurɓar shayi ba, da na sani. Na sake duba allurar jikin ta Sa'idu, sai na ga an goge bakinta a karkace, yadda Hassan Dogo yake yi tun muna yara, Malam yana zaginsa. A Maraɗi aka sayo agogon, kamar yadda mai shi ya faɗa. Na manta ba ni kaɗai Malam ya koya wa ba.

Na tsaya a tsakiyar tasha na faɗi gaskiya da bakina. Abin mamaki, a cikin mutum ashirin ɗin nan ba a sami ko ɗaya da ya tuna ya riƙe sanda ba. Mati ya ce, "Mu mi munka sani a kan agogo? Kai ka hwaɗa, mu kuwa munka yarda." Na ji haushinsa, amma bai yi ƙarya ba.

Washegari da safe na ɗauki jakar kayan aikina, na roƙi Illiya ya raka ni don mutanen ƙauyen su gan shi da agogonsa a hannu. Muka hau babur muka wuce Gangara. A hanya mai babur ya ba mu labarin da ban nema ba. Daminar da abin ya faru Sa'idu bai yi noma ba, mai ɗori ya ɗora hannun amma ya kama a karkace. Kasuwar Jibiya kuwa ya daina zuwa, don in ya shigo sai a yi ta nuna shi da baki.

Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar tunkiya, ya danne bakin igiyar da ƙafa saboda hannun ba ya riƙo. Ya gane ni tun daga nesa. Ya amsa sallama, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo ruwa. Maƙwabta suka taru. Na nuna musu Illiya, na nuna agogon hannunsa, na faɗi abin da na yi daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Na ce, "Malam Sa'idu, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah." Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya ajiye igiyar gefe. Sannan ya ce, "Allah ya yahe mana baki ɗaya. Ina agogon?"

Na kwance ƙyallen na miƙa masa da hannu biyu. Na jawo jaka na fara fitar da katako da faranti, na ce, "Bari in yi maka aikin da ka zo nema. Gaɓa biyu za a cire, a gabanka zan ƙirga."

"Dakata tukuna, Malam."

Ya ɓalle maƙullin, ya zura hannun hagu a hankali. Inda sanda ta sauka ƙashin ya warke da ƙullutu, wuyan hannun ya yi kauri. Ya danna maƙulli ya ce ƙas. Ya girgiza hannun, agogon bai motsa ba. Ya miƙo mini shi har gaban fuskata, ni kuma don sabo na sa ƙaramin yatsa tsakanin sarƙa da fata. Ya shiga da ƙyar.

"Ka gani, ba sai ka cire komai ba," in ji shi. "Kun riga kun gyara hannun."

Na mayar da katakon da farantin cikin jaka. Gudumar ma ban kai ga fitar da ita ba.